Shawarar Amarci

Madarumfa, ƙarshen damina

"Ke karatu kika yi, amma ba ki zauna da ciwo ba," in ji Hajiya Zainabu, tana tsince tsakuwa cikin wake, ko kallona ba ta yi ba. "Shawarar amarci ce. Kowace amarya da iyakar maiƙon da jikinta ke ɗauka. Wannan karon kada a kawo mana gara da mai, shi ke nan."

Nusaiba, ki yi haƙuri, na fara da bakin wata kafin in gaishe ki. Assalamu alaikum. Ina aiki, ina gajiya? Yaya Abdurrahman da yaran, yaya Damagaram? A takarda na rubuto don salula a gidanmu ta kowa ce, saƙon murya kuwa Inna sai ta ce a ƙaro mata sauti. Direban motar safe zai kawo miki har labo, inda kike awon jini.

Hajiya Zainabu ita ce mahaifiyar Alhaji Mamman, mai fataucin wake zuwa Jibiya da Katsina, mijin Yaya Hasana, Allah ya jiƙanta. Yanzu Nafisa yake nema, autarmu, wadda aurenta na fari ya mutu bara. An sa rana bayan yankan hatsi. Kafin ki tambaya, ba wanda ya matsa mata. Da an matsa mata, da na san da wa zan yi faɗa. Son sa take yi, har ɗinkin da take wa mutane ya fara karkacewa.

Ga abin da ya hana ni sakewa. Yaya Hasana ta shiga gidan nan lafiya lau. Wata na huɗu fitsarinta ya koma kamar shayi ba madara, abinci ya fita ranta, ido ya yi rawaya. Suka jiƙa mata saiwar rawaya. Ido rawaya, magani rawaya: tsarin yana da daɗi a kunne. Ranar da ta fara kiran Inna da sunan wata aka nemo mota. Ba ta kai Maraɗi ba, ga ƙaramin ciki. Ba wanda ya ɗebi jininta, don haka ba wanda ya san komai, kowa kuma yana da bayani.

Kafin ita akwai Asabe. Ita ma watanni kaɗan da tarewa ido ya juya, amma ta tashi, daga baya suka rabu. Kafin Asabe an ce akwai wata a Jibiya, wadda gidan ba ya sa ta a lissafi.

Amare biyu, ciwo ɗaya, sai gidan ya raɗa masa suna. Wai man gyaɗa da man shanun da dangin amarya ke kai wa a gara su ne ke taruwa a jiki. Masu sassaucin ra'ayi suna cewa kifin tafki ne. Kin ga laifin ya tsaya tsakanin kwalbar mai da tarwaɗa, duka biyun kuma ba sa musu.

Jiya Baffa Ibrahim, wanda shi ne waliyyinmu tun rasuwar Baba, ya tara mu a zaure don na yi ƙorafi. An yi shawara a kan shawara. Na ce ina so a auna jinin Alhaji kafin a ɗaura. Shi ma yana zaune a wurin. Baffa ya ce, "Mamman, matso nan." Ya matso. "Buɗe mata idonka." Ya sa yatsa ya ja fatar ƙasan idonsa, yana murmushi kamar yaron da aka ce ya nuna haƙori. Fari tas, Nusaiba, kamar kindirmo.

"To, madam," in ji Baffa, "mutumin da idonsa ke haka, ina ya samo rawayar da zai ba wani?"

Aka yi dariya. Nafisa ta fi kowa, bayan labule.

Ni adabi na karanta a Yamai lokacin da ke kike leƙen jinin mutane a gilashi. Ba ni da amsar Baffa. In kina da ita, ki aiko mini kafin hatsi ya shiga rumbu.

Ki gaida mutan gidan. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Firdausi

*

Damagaram, ranar Laraba

Firdausi ƙawata ta kaina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, yara suna gaishe da tantinsu, Abdurrahman ya ce har yanzu yana bin ki kilishi. Ki gaida mini Inna da kyau. Allah ya jiƙan Hasana, ya sa ta huta. Ina karanta takardarki ina ajiyewa ina sake ɗauka.

Amsar Baffa ga ta. Kullum ina ganin masu farin ido. Maza ƙarti suke zuwa ba matansu jini a ɗakin haihuwa, mu auna, mu ce su koma. Cikin goma da wuya a rasa ɗaya. Ciwon hanta ne, wanda muke ce wa hepatit B. Mutum zai ɗauke shi shekaru, yana noma, yana fatauci, yana aure, ko ciwon kai bai yi ba, kuma yana ba wanda ya kwanta da shi. Hanyarsa jini ce, da shimfiɗa, da uwa zuwa jariri wurin haihuwa, har askar wanzami in ba a canza ba. Ba ya bin kwano, ba ya bin gaisuwa. Mai kuwa, Allah na tuba, ba ruwan mai.

Wanda ya kamu da girmansa, yawanci ido zai yi rawaya bayan ƴan watanni ya warke, wani ma ba zai ga komai ba. Kaɗan yakan zauna musu a jiki shiru. Kaɗan ƙwarai yakan cinye musu hanta cikin kwanaki. Ba zan rantse miki a kan Hasana ba, don akwai wata shawarar ta gurɓataccen ruwa, ita ma tana da haɗari ga mai ciki. Amma watannin da kika ƙirga ba su yi mini daɗi ba.

Abin yi ba shi da wuya. A auna su duka biyu. In Nafisa ba ta da shi, allurar riga-kafi uku ce: yau, bayan wata guda, sai ta ƙarshe bayan wata shida. Ɗaya ba ta isa ba, ki riƙe wannan. Aure ba ya haramta don wannan, jira kawai ake so. In ba za su jira ba, sai kwaroron roba har allurar ta kama. Na san fuskar da kika yi yanzu. Ni ma na san Alhazawa.

Sai roƙona. Kada kalmar neman mata ta fito bakinki. Ta yiwu tun a zanin goyo ya samo shi, ba shi da laifin komai. Ki shiga ta nan. Kuma don Allah ki rage murmushin nan naki na gefen baki. Tun muna jami'a mutane ke jin sa ko kin yi shiru.

Allah ya tsare mana Nafisa. Ina jiran labari.

Ƴar'uwarki,
Nusaiba

*

Madarumfa, farkon kaka

Nusaiba,

Assalamu alaikum. Na gode, Allah ya saka. Inna tana amsawa. An koma lakwal, ɗalibaina sun dawo da duk abin da na koya musu bara a goge.

Na yi yadda kika ce. Na sami Alhaji a rumfarsa, tsakanin buhunan wake, na ajiye murmushin a gida. Na yi maganar zanin goyo, na yi ta askar wanzami. Ya saurara har ƙarshe, ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce, "Na ji, madam. Sai na yi shawara." Na dube shi ko ya ji abin da ya faɗa. Bai ji ba.

Da na ga shiru, ranar Lahadi na hau kabu-kabu zuwa Safo, inda Asabe ke aure yanzu. Na same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Ke ce ƙanwar wadda ta gaje ni?" ta ce. "Allah ya jiƙanta. Ɗakin da tagarsa ke kallon tafki aka ba ta?"

Na ce shi ne, kuma shi ake gyara wa ƙanwata.

Ta daina ɓarar. "Ku gidanku ba ku da wani surukin ne?"

Na tambaye ta halinsa. Ta ce, "Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Aibinsa ɗaya: kowace tasha yana da inda ake ajiye masa ruwan wanka. Wasu da ɗaurin aure, wasu Allah masani. Ni gajiya na yi da ƙirga."

Muna cikin haka wani ya yi tari a bayan zana. Mijinta ne, Yusuf, kwance a tabarma da rana tsaka, ga gero ya nuna a gona ba mai yanka. Ba su shekara da aure ba. Na gaishe shi, ya ɗago. Nusaiba, idonsa kamar an ɗiga masa ruwan ɗorawa.

"Shi kuma wace gara ya ci?" na ce.

Asabe ba ta yi dariya ba. Ta dube shi, ta dube ni, na ga lissafin yana shiga mata a hankali. Ita ta ce a tafi Maraɗi. Mun je ranar Talata. An auna su, duka biyun suna da shi. Likita ya ce Yusuf zai tashi in ya huta ya bar jiƙe-jiƙe. Ita kuwa, mai farin ido, ita aka ce ta riƙa dawowa.

Nafisa ma na tafi da ita, da sunan sayen yadi. Jininta lafiya. An yi mata allura ta farko. Ba kyauta ta yarda ba. A mota ta ce, "Yaya, na yi miki wannan, ke ma ki yi mini ɗaya. Ki bar zagaya gari da sunan mijina."

"Bai zama mijinki ba tukuna."

"Ke kin zaɓi zama da littattafai, ba wanda ya auna miki su. Ni ki bar ni in zaɓi mutum."

Na ce littattafaina ba su binne kowa ba. Na san bai kamata ba. Har muka iso tana ta shafa damtsen da aka soka.

Amma yanzu ina da abin nunawa. Na kai wa Baffa labarin Safo: ga mace mai farin ido, ga mijinta a kwance. Na ce a jira wata shida, ko aƙalla allura ta biyu. Ya daɗe yana jan carbi, ya ce zai sami Hajiya Zainabu. Karon farko ke nan da bai kira ni madam ba. Ina ganin mun kusa.

Ki gaida Abdurrahman, kilishinsa na nan tafe.

Taki,
Firdausi

*

Madarumfa, ranar Litinin

Zuwa ga Malama Firdausi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da dukkan mutan gida. Na ga ke mai son takarda ce, shi ya sa na rubuto maimakon in aiko.

Da farko ina godiya. Baffa ya zo ya faɗa wa Hajiya abin da kika gano a Safo. Shekara biyu ina tambayar kaina daga ina wannan abu ya shigo gidana. Yanzu Allah ya bayyana ta hannunki. Asabe ce ta zo da shi, ga shi ta kai wa bawan Allah can. Ba na riƙe ta a zuciya, ba da saninta ba ne. Tunda kuwa ta daɗe da barin gidan, kuma an sake shafen ɗakin, an canza katifa da labule, Hajiya ta ce magana ta ƙare.

Game da awon jini, ina roƙon ki yi mini uzuri. Ban taɓa kwana a gidan likita ba tun da aka haife ni. In aka gan ni a layin awo, kafin in dawo gari ya gama cewa na amsa laifi. Ina da abokan ciniki, ina da ƴan'uwa mata da ba su yi aure ba.

Kuma zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni na riƙe kan Hasana a cikin motar nan. Ni na shiga kabari na karɓe ta. In wani yaro mai farar riga ya dube ni ya ce ni ne, ina kike so in sa kaina? Ki bar ni da abin da na sani. Lafiyata ƙalau, kowa ya gani.

Saboda surutu ya fara yawa, kuma ina da tafiya, mun ga ya fi a matso da ɗaurin auren zuwa Juma'ar nan bayan masallaci. Nafisa ta yarda. Na roƙi a kawo gara ba mai, ko cokali guda, don hankalin kowa ya kwanta. Zan riƙe ta amana in sha Allah.

Ina fatan za ki halarta. Ke babbar yaya ce yanzu.

Wassalam, naki cikin girmamawa,
Alhaji Mamman

*

Madarumfa, bayan biki

Nusaiba,

Assalamu alaikum. Na haɗo miki da takardar Alhaji, ki karanta da kanki. Rubutunsa ya fi na ɗalibaina kyau.

An ɗaura. Na halarta, na yi anko, na riƙe mata mayafi har bakin ɗakin da ke kallon tafki. An kai gara: shinkafa, gero, taliya, gishiri, alkaki ma an hana don da mai ake yin sa. Mata suna zagaya kayan suna yaba hankalin Hajiya. Ban taɓa ganin an tsare ƙofa da kyau haka ba, a gidan da ɓarawon ke zaune a falo yana karɓar barka.

Labarin Safo ya riga ni komawa Safo. Dangin Yusuf sun mayar da Asabe gidan iyayenta, wai sai ya warke a ga abin da za a yi. Na aika mata saƙo, ta ce a gaya wa madam ta gode, ta ga amfanin awo.

Lokacin allura ta biyu ya yi. Na je. Hajiya ta ce amarya ba ta fita yanzu. Nafisa ta ce wata mai zuwa. Na yi mata maganar robar da kika ce, ta rufe kunne da hannu biyu tana dariya. Ta yi ƙiba, ta yi kyau. Na duba idonta a fakaice, kamar mai satar amsa. Fari ne.

Ki ci gaba da addu'a, ke aka fi ji.

Taki,
Firdausi

*

Madarumfa, farkon bazara

Nusaiba,

Assalamu alaikum. Bari in yi miki ban kwana tun yanzu, don in na kai ƙarshe ba lalle in iya ba. Ki gaida Abdurrahman da yara, Allah ya bar mu tare. A tasha nake rubutun nan, ina jiran mai motar da zai yarda ya shiga unguwar bakin tafki. In takardar ta iso, ki kira ni, ki gaya mini wa zan nema a Maraɗi.

Wata mai zuwan Nafisa bai zo ba har yau. Mako biyu ke nan ba ta leƙo Inna ba, salularta a kashe. Da na tashi daga lakwal na wuce gidan. Alhaji yana Jibiya. Hajiya na tsakar gida, gabanta tukunya a kan murhu, ruwan cikinta launin da na sani, na saiwar rawaya.

"Ta wa ce?" na ce.

"Riga-kafi ne," in ji ta. "Ku ma ai kuna da naku." Ba ta dube ni ba. Sai da na kai bakin ɗakin ta ƙara, a hankali, kamar ba da ni take ba: "Ko cokali guda na mai ba ta ci ba. Ni da kaina nake dafa mata."

Ɗakin duhu, an rufe taga, an saki sabon labulen. Nafisa na zaune a bakin gado. Ta sa kwalli mai kauri, ita da ba ta damu da kwalli ba. Kwanon tuwo a ƙasa, ba a taɓa ba.

"Yaya, ke ce? Zauna mana. Zazzaɓi ne ɗan kaɗan."

"Zo bakin ƙofa in gan ki."

"Ai kina ganina."

"A haske."

Ta yi ƴar dariya. "Kin zama Baffa ke nan, mai duba ido."

Na nufi taga, ta riƙe mini zani. Hannunta da zafi, riƙon kuma ba ƙarfi. Da na so, da na fizge. Ban fizge ba.

"Ina da ciki, Yaya," ta ce. "Ban gaya wa Inna ba tukuna."

Na ce ta ɗauko mayafi, yanzu zan kawo mota.

"Ba da izininsa ba? Jibi zai dawo. In ya dawo sai a yi shawara."

Na ce da izini ko babu, mota za ta tsaya a ƙofar gidan nan kafin la'asar. Ta sake ni, ta kwanta, ta juya fuskarta bango.

"In za ki fita ki jawo mini ƙofar," ta ce. "Hasken yana damun idona."

Na jawo ta har sai da ta kama. Na wuce Hajiya tana tace ruwan a kofi, na fita.